Awon Ciki Daki-Daki: Daga Ɓatan Wata Har Zuwa Arba'in

Da wuya in je biki ko suna in tashi ba a ja ni gefe ba. Da zarar an ji aikina a ɗakin awo da ɗakin haihuwa yake, sai tambaya ta ɓarke: "Anti, wata nawa ake fara awo?" "Wai dole ne sai an yi sikanin?" "Me da me zan tanada?" Har mazaje na aiko ƙannensu mata su tambayo musu, kunya ta hana su zuwa da kansu. Amsa a tsaye, ga hayaniyar 'yan biki, ba ta gamsar da kowa, shi ya sa na zauna na jera abin tun daga farko, yadda likitocin mata ke son a bi shi.

1. Riƙe ranar

Abu na farko da likita zai tambaye ki shi ne ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara. Ranar da ta fara, ba ranar da kika yi wanka ba. A nan mata da yawa ke yin tuntuɓe: "Bayan ƙaramar salla ne da ɗan kwanaki." Wannan ba ya lissafuwa. Da kin ga wata ya wuce, ki zauna ki tuno kwanan watan Bature, ki rubuta a waya ko a takarda.

Bayan mako guda da ɓatan watan, ki sayi tsinken gwajin ciki a kemis, ki gwada da fitsarin farko na safe. Layi biyu, ko da na biyun ya yi dishi-dishi, ciki ne.

Lissafin ranar haihuwa ba shi da wuya. Ki ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan ki ƙara wata 9. Idan al'ada ta fara 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwa wajen 17 ga Oktoba. Kwana 280 ke nan, mako 40. In da watan sama kike ƙirga, wata tara da rabi ne, shi ya sa ake yawan jin "cikin wance ya shiga wata goma" alhali lokacinsa ne bai yi ba. Asibiti da mako ake lissafi, ki saba da hakan tun yanzu.

Ki fara shan folik asid a ranar da kika gane. Aikinsa mafi girma a makonnin farko ne, lokacin da ƙwaƙwalwa da lakar jariri ke haɗuwa. Wadda ke neman ciki ma gara ta fara tun kafin ya shiga.

Hattara: ki dakatar da shan magani barkatai, na kemis da na gargajiya. Amma in kina kan maganin hawan jini, siga, farfaɗiya ko na ƙanjamau, kada ki yanke shi da kanki. Ki kai wa likita kwalin a cikin makon nan, shi zai ce wanne za a canja. Sannan ciwon mara mai tsanani ta gefe ɗaya, da ɗigon jini, da jiri ko suma a watannin farko na iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

2. Zaɓen asibiti

Mai ƙoshin lafiya da ta taɓa haihuwa ba matsala, asibitin unguwa ya ishe ta awo, kuma ya fi sauƙin layi da kuɗin mota. Amma akwai waɗanda tun farko babban asibiti ya kamata su nufa, inda likitan mata yake: wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, mai sikila, mai hawan jini ko siga ko ciwon zuciya, wadda ta taɓa jijjiga ko zubar jini mai yawa, wadda ta yi ɓari a jere ko ta haifi ɗa ba rai, mai tagwaye, yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, wadda ta haura 35, da wadda ta haihu biyar zuwa sama. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kowa gardama. "Haihuwa takwas a ɗakina, me za a koya mini?" To mahaifar da ta sha aiki ita ce ke kasa tsukewa bayan haihuwa, kuma a nan jini ke ɓallewa.

Kafin ki yanki kati, ki yi tambaya huɗu ba kunya: Ana karɓar haihuwa da dare? Akwai ɗakin tiyata? Akwai wurin ajiyar jini? In abu ya gagara, ina ake tura mutum, kuma da wace mota? Ki kuma tambayi ranar da ake karɓar sababbin masu awo, don yawancin asibitoci rana ɗaya ko biyu suka ware a mako. Kada ki ɓata kuɗin Adaidaita a ce ki dawo Talata.

3. Ranar yankar kati

A fara awo kafin ciki ya cika mako 12, wato cikin wata ukun farko. Na san ba haka aka saba ba. An saba sai ciki ya yi motsi, ko sai ya fito ya gagari ɓoyo. Wata kunyar surukai ce, wata tsoron baki, wata kuma ta ce ai lafiyarta ƙalau. Wanda ya fi damuna shi ne na ƙarshen, domin abubuwan da muke nema a awo galibinsu ba sa ciwo sai sun yi nisa. In maganar ɓoyo ce, hijabi ya rufa asiri, kuma ma'aikaci ba shi da hurumin kai labarinki gida.

Ki karya kumallo, ki yi sammako, ki riƙe ruwan sha. Ranar farko doguwa ce. Ki tafi da tsofaffin katunanki, da takardar sallama in an taɓa kwantar da ke, da duk maganin da kike sha. Ki sa kaya masu sauƙin ɗagawa. Riga da zani sun fi doguwar riga matsattsiya.

Za a yi miki tambayoyi masu yawa, kuma a nan nake roƙonki gaskiya. Ciki nawa kika taɓa yi, har da wanda ya zube a wata biyu. 'Ya'ya nawa ke raye, nawa suka koma. Na sha ganin mace ta ce haihuwarta uku, sai mun kai ga duba ciki ta ce a hankali, "ban da na farin." Alkunyar ɗan fari tana da wurinta, amma ba a kan katin awo ba. Haka wadda aka taɓa yi wa aiki take ɓoyewa don kada a sake. Tabon yana nan a mararki, kuma ɓoye shi a wani asibitin na iya jawo fashewar mahaifa.

Daga nan sai a auna nauyi da tsawo da hawan jini, a duba idanu da tafin hannu, a taɓa ciki. In kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa tun a teburin farko. In babu, ki nemi nas ta tsaya a ɗakin, haƙƙinki ne.

4. Gwaje-gwaje

Nan ne kuɗin ranar farko ke tafiya, kuma nan ne ake yawan cewa "a bari sai wani zuwan." Ga abin da kowanne yake nema, don ki san abin da kike biya.

Yawan jini. A takarda za ki ga an rubuta PCV da lamba a gabansa. Ƙasa da 33 ƙarancin jini ne ga mai ciki, in ya gangara wajen 21 abin ya yi tsanani. Ki haddace lambarki. Za a maimaita shi wajen mako 28 da kuma gab da haihuwa. Mace mai cikakken jini tana iya jure zubar da za ta kayar da wadda ta shiga naƙuda da ƙaranci.

Rukunin jini. A, B, AB ko O, sannan fozitif ko nagetif. In ke nagetif ce maigida kuma fozitif, jikinki na iya koyon yaƙar jinin jariri. Na farko yakan tsira, na bayansa ne ke shan wahala: shawara mai tsanani, ko mutuwa a ciki. Maganin abin allura ce mai suna Anti-D, ana yin ta wajen mako 28, a sake cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne, haka ma bayan ɓari. Tana da tsada sosai kuma ba kowane kemis ke da ita ba, don haka a fara tara kuɗinta da neman inda take tun ranar da sakamako ya fito.

Jinotayif, wato gwajin gadon sikila. In ke AS ce, mai ɗauke da ita ba tare da ciwo ba, a gwada maigida. AS da AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu a jere ba. Sanin haka zai sa a gwada jariri da wuri.

Ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, da tunjere. Ba zargin kowa ake yi ba, kowace mai ciki ake yi wa. Ukun nan duka suna iya wucewa ga jariri, ukun kuma akwai abin yi: maganin ƙanjamau da aka fara da wuri yana kare jariri ƙwarai, tunjere allurar fenisilin ke kashe shi, mai ciwon hanta kuma a yi wa jaririnta rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Gwajin ƙanjamau da maganinsa galibi kyauta ne a asibitin gwamnati.

Fitsari. Ana neman furotin, siga, da alamar ƙwayar cuta. Ki zubar da na farko, ki tari na tsakiya a kwalbar da aka ba ki. Kada ki zo da shi daga gida a kwalbar magani. Tsakanin mako 24 da 28 ana iya sa ki gwajin siga na musamman, wanda ake zuwa ba a ci komai ba, musamman in kina da ƙiba, ko akwai siga a gidanku, ko kin taɓa haifar jariri mai kilo 4 zuwa sama.

Sikanin. Aƙalla ɗaya kafin mako 24. Na farko-farkon ciki shi ya fi faɗin ainihin kwanakin ciki, ya nuna yana cikin mahaifa, ɗaya ne ko biyu. Na wajen mako 20 kuma halittar jariri yake dubawa da inda mabiyiya ta zauna. In kuɗin guda ɗaya gare ki, ki bar likita ya zaɓi lokacin.

Hattara: sikanin ba awo ba ne. Yanzu an samu masu zuwa shagon hoto sau huɗu don a gaya musu mace ce ko namiji, ba a taɓa ɗaura musu abin awon jini a dantse ba. Hoton ba ya ganin hawan jininki. Kuma duk sakamakon da kika karɓo, ki mayar wa wanda ya rubuta gwajin ya karanta. Takarda a ƙasan akwati ba ta yi wa kowa magani.

5. Magungunan awo

Maganin ƙarin jini da folik asid, kullum, har bayan haihuwa. Zai baƙanta bayan gida, wani lokaci ya sa shi tauri. Ba illa ba ce. In yana tayar miki da zuciya, ki sha da dare bayan abinci. Kada ki haɗa shi da shayi, shayi na hana jiki zuƙar sinadarin. Ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu, ki kora da ruwa ko lemon zaƙi. Maganar da ake yaɗawa cewa yana sa jariri ya yi ƙato har ya gagari haihuwa ba ta da tushe. Jininki yake ƙarawa.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar. Ƙwaya uku a lokaci guda, a gaban nas. Ana farawa daga mako 13, a riƙa maimaitawa da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a shan sa a wata ukun farko. Wadda jikinta ba ya son magungunan salfa, ko take shan Septrin kullum, ta faɗa kafin a miƙo mata. Ki haɗa da kwana a gidan sauro kowane dare. In zazzaɓi ya zo duk da haka, gwaji tukuna, sannan magani daga asibiti.

Allurar tetanos, mai kare ki da jariri daga ciwon sarƙe-haƙora. In ba ki taɓa yi ba, biyu ne a wannan cikin, da tazarar mako 4, ta biyun kuma a yi ta aƙalla mako 2 kafin haihuwa. Cikakken adadin biyar ne a tsawon shekarun haihuwa, don haka ki adana katin.

Likita na iya ƙara miki kalsiyam, ko maganin tsutsar ciki bayan wata uku, ko ƙaramin asfirin in kina cikin haɗarin jijjiga. Wannan na ƙarshen ba a saye da ka.

Abinci kuwa ba sai na kanti ba: wake, zogale, alayyafo, rama, ƙwai, kifi, nama gwargwadon hali, gyaɗa, nono da aka tafasa. Ƙwai ba ya sa yaro sata. In azumi ya riske ki, ki tambayi likita tun kafin a ga wata, musamman mai siga ko ƙarancin jini.

6. Komawa awo

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da mafi ƙarancin zuwa awo takwas: kafin mako 12, sai mako 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ki lura yadda suke matsewa a ƙarshe. Nan matsaloli suka fi fitowa. In asibitinku ya ba ki ranakun da suka fi haka yawa, ki bi nasu. In mako 41 ya cika ba naƙuda, ki koma, kada ki zauna jira.

Kowane zuwa za a auna nauyi da hawan jini, a gwada fitsari, a sa tef a auna tsawon ciki, a saurari bugun zuciyar jariri. Daga mako 36 a duba kwanciyarsa: kai ne a ƙasa, ko a zaune yake, ko a gicciye.

Lambar da nake so kowace mace ta riƙe kamar lambar wayarta ita ce 140 bisa 90. In awon hawan jininki ya kai nan, ko ɗaya daga cikin biyun, kada ki bar asibitin sai kin ga likita. Layi na da tsawo, nas na sauri, wani lokaci a rubuta lamba a wuce. Ki tambaya: "Sista, nawa ne yau?" Ba rashin kunya ba ne.

Akwai wata yarinya mai cikin fari da ba na mantawa. Ta zo da wata takwas, fuskarta ta cika har idanun sun ƙanƙance, zoben azurfa ya nutse a yatsa sai da muka sa sabulu da zare muka zare shi. Kakarta da ta rako ta sai murmushi take, wai tagwaye ne, haka uwarta ta yi. Silifas ɗin maigidanta ta sako don nata sun daina shiga. Da muka auna, jinin ya haura 170, fitsari cike da furotin. Ta ce kwana uku kanta na sarawa, tana ganin wasu taurari-taurari, ta ɗauka rana ce. A ranar aka kwantar da ita, aka fara mata allurar hana jijjiga, likita ya yanke shawarar ciro jaririn. Ɗaya ne, ba biyu ba. Duka sun rayu. Abin da ya kawo ta ma ba kumburin ba ne, maganin ƙarin jininta ne ya ƙare.

Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa in an kwana, yawanci ba komai. Na fuska da hannu shi ne abin tsoro.

7. Abubuwan da ba a kwana da su

Ko jiya kika dawo daga awo, ko tsakar dare ne, waɗannan asibiti kai tsaye: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ko ɗigar ruwa kafin lokaci, numfashi sama-sama, aman da ba ya barin ko ruwa ya zauna, da raguwar motsin jariri. Motsi yakan fara tsakanin mako 16 da 20. In kin saba da yadda naki yake yi sai kika ji ya yi sanyi, kada ki yarda da "barci yake." Ki je a saurara a ranar.

In mace ta fara jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, a nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya.

8. Shirin haihuwa, tun a wata bakwai

Maigida, wannan sashen naka ne fiye da nata. Yawancin matan da muke rasawa ba rashin asibiti a garin ne ya kashe su ba, awannin da aka ɓata ne ana neman izini, ana neman mota, ana neman kuɗi, ana neman jini. Huɗun nan duka ana iya gama su da rana tsaka, wata biyu kafin lokaci.

Izini. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da duk wanda ke gidan: in abu ya taso ba ka nan, a tafi da ita, ba sai an same ka a waya ba. Ka kuma ce wa zai sa hannu in ana bukatar aiki.

Mota. Lambar direba biyu, ba ɗaya ba, waɗanda suka yarda a tashe su da dare. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW na da tsarin ɗaukar masu naƙuda. A tambaya a tasha. In ƙauye ne kuma damina ce, a koma kusa da asibiti tun kafin lokaci.

Jini. Mutum biyu masu lafiya da suka yarda za su bayar, an san rukuninsu. Asibitoci da yawa suna so a ajiye leda guda tun kafin haihuwa. In ba a yi amfani da ita ba, ta ceci wata.

Kuɗi. Ga inda suke tafiya: kati, gwaje-gwajen farko, sikanin, magunguna, kuɗin mota sau takwas ko fiye, kayan haihuwa, sai babban, wato aiki da jini in ta kama. Farashi ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti kuma yana tashi, don haka ka je da kanka ka ce a rubuta maka kuɗin haihuwa da na tiyata, ka yi tanadin na tiyatar. Ko a jihohin da aka ce awo da haihuwa kyauta ne, sau da yawa sai an sayo safar hannu ko ruwan ƙari a waje. Ka bincika inshorar lafiya ta jiharku, irin KSCHMA a Kano. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba, ka tambaya ko naku na ciki tun yanzu, ba daren da ake gudu ba. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit.

Jaka kuma ki haɗa ta a mako 34: katin awo a sama, zannuwa tsofaffi masu tsabta, audugar mata babba, ledar shimfiɗa, kayan jariri har da hula da safa, sabulu, fulas, tocila, da abin da asibitinku ya lissafa.

Hattara ga masu tafiya goyon ciki: in za ki koma gidanku haihuwa, ki karɓi katinki da sakamakon gwaje-gwaje, ki yi rajista a asibitin can a makon da kika isa. Kada fuskarki ta zama baƙuwa a daren naƙuda.

9. Naƙuda

In ciwo ya fara zuwa a jere yana ƙara ƙarfi, ko faya ta fashe ko da ba ciwo, ki kama hanya. Wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai tagwaye, da wadda aka ce jaririnta ba daidai yake kwance ba, ba sa jiran ciwo ya kankama. In ruwan ya fito kore-kore ko da wari, ki faɗa tun a ƙofa.

Al'adar nan ta yin shiru a ɗaki don kada a ce ba ki da dauriya, ki ajiye ta. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ci gaba tana bukatar likita. Kan jariri in ya daɗe a toshe yana danne mafitsara, naman wurin ya mutu, shi ne yoyon fitsarin da ake kai mata Babbar Ruga a Katsina ana gyarawa. Ba a yankan gishiri. Ba a danna ciki. Ba a kiran mai kemis ya yi "allurar naƙuda" a gida, don tana iya fasa mahaifa. In kin sha maganin zaƙi ko wani jiƙo, ki gaya mana abin da kika sha. Faɗa ba za mu yi ba, sani muke so.

In likita ya ce aiki, ki tambayi dalili, a yi miki bayani, amma kada a kwashe awa uku ana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya.

10. Kwanan farko

Da jariri ya fito za a yi miki allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke. A ɗora miki shi a ƙirji, ki sa shi a nono cikin awa guda. Dakashi ba datti ba ne, shi ne rigakafinsa na farko, kuma tsotson na taimaka wa mahaifa ta koma. Ki riƙa yin fitsari a kai a kai, ki shafa mararki; ya kamata ki ji mahaifa da tauri kamar ƙwallo. In ta yi laushi, ko audugar ta jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa guda, ko guda-guda na fita, ko kina jin jiri, ki ɗaga murya. Ki daure ki yi awa 24 a asibiti, ko da 'yan barka sun cika gida.

In haihuwa ta zo a gida ba shiri kuma an ba ki ƙwayoyin misofrostol, masu hana zubar jini, a wurin awo, bayan jariri ya fito ake shan su, an kuma tabbata babu na biyu a ciki. Kafin haihuwa haɗari ne babba. Sannan a taho asibiti a ranar.

Cibiya, man kilohekzidin kawai za a shafa. Ban da man goge baki, toka, ko gashi da tsumma. Kuma wannan man ba ya zuwa kusa da ido. Kafin sallama a yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka, ɗigon shan-inna da allurar ciwon hanta.

11. Jego da arba'in

Ana so a duba ki da jariri a rana ta uku, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako 6. Wannan zuwan su aka fi watsarwa, don hankali ya koma kan suna. Jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa, haka zazzaɓi da jinin biƙi mai wari, da kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo. Wadda ta kasa barci, take kuka ba dalili ko take jin ba ta son jaririn har fiye da mako biyu, ita ma likita take bukata, ba faɗa ba.

Wankan jego ban ce a daina ba, na san ba za a ji ba. A sirka ruwan, yadda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki ta bi abin da aka gaya mata. Kunun kanwa kuwa a sassauta ƙwarai, mai hawan jini ta bar shi gaba ɗaya. Likitocin Zariya da Kano sun daɗe suna ganin ciwon zuciyar masu jego a yankinmu, kuma yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi na iya ƙara wa zuciya nauyi. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, ƙafafu sun kumbura, tari da dare, a kai ta asibiti, kada a ƙara wuta.

Zuwan mako 6 ya yi daidai da arba'in, ranar ce kuma ta allurar jariri ta gaba, sai ki haɗa su tafiya ɗaya. Ki sa a auna jininki, a duba ɗinki, ku yi maganar tazara. Shawarar likitoci ita ce a bar shekara 2 kafin wani cikin, wata 6 in ɓari ne. Shayarwa na hana ciki ne kawai in nono zalla ake bayarwa dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, jariri kuma bai kai wata 6 ba. Ɗaya ya faɗi, kwanika na iya shiga tun ba ki ga jini ba. Akwai ƙwayar da ta dace da mai shayarwa, allurar wata biyu ko uku, ashanar hannu ta shekara 3 ko 5, da robar mahaifa mai kai shekara 10. In da hali ku je tare da maigida, a yi bayanin a gabansa.

Kafin ki sauka daga gadon awon, in kin kai shekara 30, ki tambaya ko suna gwajin kansar bakin mahaifa. Mai ƙanjamau daga 25 take farawa. In kina da 'ya mai shekara 9 zuwa 14, ki tambayi allurar HPV, mai kariya daga wannan kansar, da aka shigar cikin rigakafin Najeriya a Oktoban 2023. Katin awon kuma, da takardar rukunin jini da ta sallama, ki sa su a leda ɗaya ki ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. Likitan da zai gan ki a ciki na gaba su zai fara tambaya.